Abin da ya kamata ku sani: kalmomin Ingilishi na ciniki da bashi

Wata ranar kasuwa a Kornaka, bayan la'asar, kawuna ya aiko a kira ni. Na same shi a rumfa ransa a ɓace. Ya tura yaronsa Kano da buhunan wake, akawun mai saye ya ƙirga wa yaro kuɗi cikin sauri don mota na jira, yaro ya dawo da abin da bai kai lissafi ba, sai wata 'yar takarda da ya ninke ya cusa a aljihun 'yar ciki har gumi ya jiƙa gefenta.

"Ɗana, duba mini wannan. Yaron nan ya ce wai kuɗin sikeli aka cire. Wane irin sikeli ne zai cinye kuɗin buhu huɗu?"

Na warware takardar. A ƙasanta akwai layi uku, kowanne da adadi a gabansa: Total, Paid, Balance. Yaron ya yi lakwal, ya san cewa a Faransanci balance sikeli ne, kuma gaskiyarsa. Amma da Ingilishi aka rubuta takardar, kuma a bakin 'yan kasuwar Kano balance shi ne balas, wato cikon kuɗin da ya rage.

"Kawu, ko dala ba a cire maka ba. Layin farko jimillar kuɗin wakenka, na biyu abin da aka ba yaro, na uku abin da kake bin mai saye. Da hannunsu suka rubuta."

Kawu ya karɓi takardar, ya shimfiɗa ta a kan gwiwa yana shafawa da tafin hannu don ta miƙe. Can ya ce, "Ashe shaida ce a hannuna, ni kuwa saura kaɗan in kunna wutar shayi da ita."

Kalma ɗaya ta kusa raba shi da kuɗin buhu huɗu da abokin ciniki na shekaru, ta kuma jawo wa yaro zargin da bai ji ba bai gani ba. Irin waɗannan kalmomi ba su da yawa. Wanda ya riƙe talatin daga cikinsu ya tsira daga yawancin asarar da ake yi a kan takarda.

Me ya kawo Ingilishi kasuwarmu?

Kornaka na kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Dakoro, kuma da yawa daga abin da ƙasar nan ke fitarwa, wake da riɗi da awaki da raguna da shanu, kudu yake nufa: ta Ɗan Isa da Jibiya, zuwa Katsina, zuwa kasuwar Dawanau a Kano. Motoci su dawo da atamfar Kantin Kwari da kayan masarufi na kasuwar Singa. Duk tafiyar nan da Hausa ake yin ta. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani, a sallama. Amma da zarar ciniki ya faɗa, aka ɗauko alƙalami ko waya, sai harshe ya sauya. Rasit da Ingilishi, saƙon banki da Ingilishi, 'yar takardar da na'urar POS ke fitarwa ita ma da Ingilishi.

Abin ya ƙaru a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya a Najeriya, har mai sayar da akuya ɗaya ya koma karɓar tiransifa. A nan gida kuma, dokar da ke jagorancin mulkin Nijar, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2025, ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan Ingilishi ya zo zama.

Ba yau Bahaushe ya fara cin karo da kalmomin nan ba. Kanti daga canteen ya fito, kwabo daga copper, sisi daga sixpence, sule daga shilling, fam daga pound, canji daga change. Kakanninmu sun tauna su sun haɗiye har suka zama namu. Na yanzu ma haka za su zama, muddin aka fahimce su. Kuma duk kalmar da ka gani a takardar ciniki, ɗaya daga cikin tambayoyi uku take amsawa: wa ke bin wa, nawa ne, yaushe za a biya.

Credit da debit

Credit, wanda ake furtawa kiredit, daga Latin ya fito, tsohon harshen Rumawa, kuma asalin ma'anarsa yarda. Wanda ya ba ka kaya ka tafi, ka kawo kuɗi daga baya, yarda ya ba ka kafin kaya. Faransanci da Ingilishi duka sun gaji kalmar, shi ya sa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Sai dai a Ingilishi fuska uku gare ta.

Ta farko ita ce bashi. In aka rubuta on credit a kan rasit, an ba da kaya bashi. Allon da wasu masu kanti ke ratayewa, No credit today, come tomorrow, shi ne namu na "ba bashi yau, sai gobe". Ta biyu ita ce kuɗin kira da ake sa wa waya. Ta uku ita ce ke rikita mutane: in saƙon banki ya shigo da kalmar credit, ko harufa biyu CR, kuɗi ne ya shigo asusunka. Na ga dattijon da hankalinsa ya tashi don ya ga credit a wayarsa, yana tsammanin an ɗora masa bashin da bai ci ba.

Dalilin haɗuwar ma'anonin yana da sauƙi. Kuɗin da ka ajiye a banki, kai kake bin banki. Duk lokacin da wani ya turo maka kuɗi, bashin da kake bin banki ya ƙaru, sai a rubuta shi a ɓangaren yardarka.

Debit kishiyarsa ce: kuɗi ya fita. Taƙaicensa DR, kuma a nan ba likita ake nufi ba. Katin cire kuɗi da yawancin mutane ke riƙewa debit card ne, abin da ka ajiye kawai yake ci. Credit card kuwa kuɗin banki kake kashewa, ka biya daga baya, sau da yawa da ruwa a kai.

Wa ke bin wa?

A nan Hausa da Ingilishi suka juya wa juna baya. Bahaushe yakan fara da mai kuɗi: ina bin ka. Bature yakan fara da wanda ake bi. In mutum ya rubuto maka I owe you, yana cewa kana bin sa. In ya rubuto you owe me, shi ke bin ka. Wanda ya fassara kalma da kalma zai mai da mai bin bashi wanda ake bi.

Debt shi ne bashi, ba a furta harafin b na tsakiya. Debtor wanda ake bi, creditor mai bi. Loan rance. Hausa ta raba aro da rance ta fuskar abin da za a mayar: in ka ari gatari, gatarin nan za ka maido, in ka ranci tiya biyar ta hatsi, wata tiya biyar za ka biya. Ingilishi bai damu da wannan ba, abin da ya raba shi ne hannun da ke bayarwa da hannun da ke karɓa. Borrow karɓa, lend bayarwa. A kasuwannin Najeriya za ka ji ana cewa borrow me da nufin "ranta mini", amma a takardar yarjejeniya ba a wasa da su: borrower shi ne ya ci bashi, lender shi ne ya bayar. Kafin ka dangwala yatsa, nemi a nuna maka ƙarƙashin wanne sunanka yake.

Interest: inda kuɗi ke haihuwa

Principal uwar kuɗi, abin da aka ranta maka. Interest kuɗin ruwa. A hira ta yau da kullum kalmar tana nufin sha'awa, amma a takardar rance ma'anarta ɗaya ce tak. Profit kuwa ribar ciniki. Hausa ta aro kalmomi biyu daga Larabci waɗanda rubutun boko ya mai da su iri ɗaya: riba ta ciniki, wadda ake jan gaɓarta ta farko, da riba ta bashi, wadda ba a ja, wadda shari'a ta haramta. Ta farko ce profit, ta biyu ce interest.

Adadin da ke gaban interest ba ya da ma'ana sai an san lokacinsa. Per month a wata, per annum a shekara, per day a rana. Kashi 5 cikin 100 kamar ba komai, amma in a wata ne, ya zama kashi 60 a shekara.

Akwai kuma kalmomi biyu da ke sauya lissafi gaba ɗaya. Mu ɗauka ka ranci jika 120, wato sefa dubu 120, za ka biya cikin wata 12, kowane wata jika 10 na uwar kuɗi, ruwa kashi 2 a wata. In takarda ta ce flat rate, kowane wata a kan jika 120 ɗin farko za a lissafa ruwan, ko da ka biya rabi. A ƙarshe ruwan ya kama jika 28 da dala 160. In ta ce reducing balance, a kan abin da ya rage ake lissafawa, ruwan ya tsaya a jika 15 da dala 120. Kashi 2 ne a nan, kashi 2 ne a can, amma ɗaya ya kusa ninka ɗaya.

Fee da charge caji ne. Processing fee kuɗin takarda, kuma sau da yawa tun kafin kuɗi ya taɓa hannunka ake cire shi: ka sa hannu a kan jika 100, a ƙirga maka 95, ka biya ruwan 100. Instalment biya kashi-kashi. Due date ranar biya. Overdue rana ta wuce. Penalty tara. Default kasa biya. Grace period ɗan lokacin da ake ɗaga maka ƙafa kafin ka fara biya, kuma yana da kyau ka tambaya ko ruwa na taruwa a cikinsa.

A ƙasashen sefa na Yammacin Afirka, ƙa'idar da ta fara aiki a 2014 ta sa iyaka: kashi 15 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da rance, har da cajin da ke tattare da rancen. Wannan iyaka ba ta bin ka zuwa ƙetaren Jibiya, ba ta kuma hau kan manhajar rance ta Najeriya da ke cikin wayarka ba. Irin waɗannan manhajoji ne hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta kai wa wasunsu samame a Legas a 2022, saboda tsananin ruwa da tozarta waɗanda suka makara a wajen danginsu. Ƙofar tozarcin kalma ɗaya ce a allon waya: Allow, wato "na yarda", a ƙarƙashin neman izinin shiga contacts, jerin lambobin da ka adana.

Wanda ke gudun riba zai ga non-interest ko interest-free, wato babu ruwa. Bankin Jaiz ya fara aiki a kan wannan tsari a Najeriya a 2012, a Yamai kuma akwai Bankin Musulunci na Nijar. A irin cinikin da ake kira murabaha, banki ne ke sayen kayan, ya sayar maka da ribar da aka faɗa tun farko. Ko a nan, tambayi jimillar abin da za ka biya, a rubuta maka shi da lamba.

Takardun ciniki

Invoice da receipt ba ɗaya ba ne. Invoice takardar neman biya ce, abin da muka sani da facture: ga kaya, ga farashi, ga abin da ake nema a hannunka. Receipt shi ne rasit, shaidar cewa kuɗi ya shiga hannun mai kaya. Wanda ya biya aka ba shi invoice babu hatimin Paid, bai riƙe shaidar biya ba. Proforma invoice ƙiyasi ne kawai kafin ciniki. Waybill takardar da ke raka kaya a mota, mai nuna adadinsu da wanda zai karɓa. Direba na buƙatarta, amma ba ta cewa komai game da biya.

Deposit fuska biyu gare shi: a banki ajiya, a kasuwa kafin alƙalami. Advance shi ne adibas, kuɗin da ake ba mai aiki ko mai kawo kaya tun kafin a gani a ƙasa, kuma wanda ya karɓa ya ɗaure kansa, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Part payment an biya wani sashe, full payment an biya duka. Outstanding abin da har yanzu ba a biya ba. Balance, kamar yadda kawuna ya gano, ragowa ce: a rasit cikon kuɗi, a asusu abin da ya rage maka, a bakin mai kanti a Najeriya har canjin da zai maido maka balas ne.

A kula da ƙananan kalmomi uku: no, not da non. Su ke kore magana. Refund maido da kuɗi. Refundable za a iya maidowa. Non-refundable ya tafi ke nan ko an fasa ciniki. A ƙasan rasit da yawa na Kano akwai layi da ƙananan harufa mai ƙarewa da not returnable, wato kayan da ka karɓa lafiya ba a dawo da su. Saboda haka a buɗe katan, a ƙirga, a duba, tun ana gaban mai kanti.

Shaida daban, mai tsayawa daban

A ƙarshen takardar rance akwai layuka na sa hannu, kuma a nan mutanen kirki suka fi faɗawa rami. Witness shaida ne: ya ga an yi, shi ke nan. Guarantor ko surety mai tsayawa ne: in wanda ya ci bashi ya kasa, shi zai biya. Ɗan'uwa yakan zo ya ce, "Yaya, zo ka sa mini hannu kawai," shi kansa bai san bambancin ba. Bayan wata shida a zo ƙofar yayan ana neman ragunansa. Tsaya wa ɗan'uwa alheri ne, amma a yi shi da sani, a kan adadin da mutum zai iya ɗauka.

Collateral ko security jingina ce: gona, gida, babur, dabba. Manoman yankinmu sun san ta a aikace ta hanyar warantaj, tsarin da ya bazu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 da tallafin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. Da kaka, lokacin da hatsi ke araha, ƙungiya ta zuba buhunanta a magaza, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. A karɓi kuɗi a yi sana'ar rani, a biya, a buɗe magaza lokacin da farashi ya ɗaga. Buhunan nan su ne collateral.

Guarantee da warranty a kan kaya irin su waya da faifan sola garanti ne: alƙawarin gyara ko musanya cikin lokacin da aka rubuta. In ba a rubuta wata nawa ba, babu abin da za ka riƙe. Wanda ya yi lakwal kuma ya kula da caution: a Faransanci kuɗin jingina ne, a Ingilishi hattara ce, ko da yake masu ba da haya a Najeriya suna karɓar caution fee, kuɗin ajiya saboda ɓarna.

Abin da allon waya ke faɗa

Sender mai turawa, beneficiary mai karɓa, amount adadi. Pending da processing suna nufin kuɗi na hanya, bai iso ba. Failed da declined bai tafi ba. Insufficient funds kuɗin da ke asusun bai kai ba. Reversed an mai da wa mai turawa kuɗinsa. Successful ya tafi.

Amma ko successful ɗin, a wayar wa ka gan shi? Hoton allo ana ƙirƙirarsa, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa, shi ne abin da ake kira fake alert. Shaida ɗaya ce ba ta ƙarya: ka buɗe asusunka, ko mai POS ɗin da ka amince da shi ya buɗe nasa, a ga available balance, kuɗin da za a iya cirewa yanzu, ya ƙaru daidai da kuɗin kayanka. Kafin wannan, igiyar rago ta zauna a hannunka. Mai saye na gaskiya ba ya jin haushin jiran minti biyar. In ya ce, "Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" amsar ita ce, "Na yarda da kai, Malam, netuwok ne ban yarda da shi ba." PIN da OTP kuwa, wato lambobin sirrin asusunka, mabuɗin rumbunka ne, ba ma'aikacin kirki da zai kira ka ya nemi ka karanta masa su.

Lamba, awo da canji

Ingilishi da Faransanci ba su rubuta lamba iri ɗaya ba. A Ingilishi waƙafi ke raba dubbai, ɗigo ke raba kwabbai: 15,000.50 naira dubu 15 ce da kwabo 50. A Faransanci waƙafi ne ke raba ƙananan kuɗi. Darajar yuro ɗaya, wadda aka ɗaure sefa da ita, Bafaranshe zai rubuta ta 655,957, wato sefa 655 da 'yan kai. Wanda ya karanta ta da idon Ingilishi zai ga sama da dubu 655. Harafin k shi ma biyu ne: a saƙon waya 50k naira dubu 50 ce, a tsohon rasit 50k kwabo 50. A waya kuma fifteen da fifty, 15 da 50, kusan sauti ɗaya suke. A nemi a rubuto da lamba. Ko Hausar kanta tana buƙatar wannan kula, don jikarmu sefa 1,000 ce, jakar tsofaffin 'yan kasuwar Najeriya kuwa naira 200.

Rate farashin canji. A allon ɗan canji, buying farashin da shi zai saya a hannunka, selling farashin da zai sayar maka. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun watan Yuni na 2023 aka sake ta kasuwa ke yanka mata farashi. Bashin da aka ƙulla da naira yau, aka biya bayan wata huɗu, zai iya zama wani abu daban in aka juya shi sefa. Don haka a rubuta da wane kuɗi za a biya.

Wholesale sari, retail sayar da ɗai-ɗai. Discount rangwame. Commission la'ada, ko kamasho. Fixed price ba ragi. Last price farashin sallama. For sale na sayarwa ne, sold an sayar, sold out ya ƙare. Kar a haɗa sold da solde na Faransanci, wanda shi ne ragowar asusu. Dozen dozin, guda 12. Yard yadi, santimita 91 da 'yan kai, bai kai mita ba. Mai sayen yadi 100 a Kwari in zai sayar da mita a Kornaka, mita 91 da kusan rabi ya sayo. Gross weight nauyi har da buhu, net weight nauyin kaya zalla. Haka gross profit riba ce kafin a cire kuɗin mota da dako da duwan da la'ada, net profit abin da ya rage a aljihu. Da yawa sun yi murna da ta farko, ta biyu ta sa su tagumi. A jikin kwali kuma MFG ranar da aka yi kaya, EXP ranar da ya daina amfani.

Kafin ka dangwala yatsa

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwa ba ta tafiya sai da shi. Addininmu bai hana shi ba, tsari ya yi masa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta shi, a ambaci ajalinsa, a kafa shaidu. Matan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, sun nuna cewa ko ba boko ana iya riƙe wannan tsari: a gaban kowa ake ƙirga kuɗi, a gaban kowa ake faɗin wadda ta ranta da ranar da za ta maido. Abin da suke yi da baki a kan tabarma, shi ya kamata mu nema daga kowace takarda.

In aka miƙo maka takarda da Ingilishi, nemi wanda ba ya da rabo a cinikin ya karanta maka. Kar ka tsaya a "ba komai, sa hannu kawai". A faɗa maka da Hausa wa ke bin wa, nawa ne jimilla har da ruwa da caji, da wane kuɗi, wace rana. In mai takarda ya ƙi a fassara, ya riga ya ba ka amsa. Matambayi ba ya ɓata, kuma babu alhajin da girmansa ya zube don ya ce a karanta masa.

Ga matasanmu da suka yi lakwal, wannan aiki naku ne. Faransancin da kuka koya ya kai ku rabin hanya, don kalmomi da yawa 'yan uwa ne. Ku dai riƙe waɗanda suka yi kama amma suka saɓa, irin su balance da caution da sold. Yaron da ya iya karanta rasit ya tsare wa gidansu abin da damina guda ta tara.

Kawuna ya buga wa mutumin Kano waya a daren nan. Mutumin ya ce, "Ai Alhaji, balas ɗinka na nan, kai nake jira." Sati na zagayowa kuɗi ya iso. Tun daga ranar, duk takardar da ta shigo rumfarsa sai ya sa an karanta masa ita layi-layi, shi kuma ya ɗauki alƙalami ya rubuta a gefe da ajami: ina bi, ko ana bi na, da adadi, da rana. Takardun suna cikin wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin buhunan wake, kuma yaron nan da ya ce sikeli ne, shi ke karanta masa su yanzu.